Warin Takalmin Auta

Mai Usur ne ya ƙone takalman. Da hannunsa ya zuba musu kananzir, da hannunsa ya ƙyasta ashana, kuma ya san abin da yake ƙonawa. Kada wani ya zo daga baya ya ce umarni aka ba shi daga sama. Umarni ba ya ƙyasta ashana. Baro uku cike da takalman mutane, a bayan siton masu shara, ranar Talata da hantsi, masu shara goma sha ɗaya suna tsaye suna kallo, babu wanda ya ce uffan sai Inna Ƙaya.

Inna Ƙaya mai shara ce. Shekara ashirin da shida tana share Babban Titi, daga shataletale zuwa ƙofar ofishin hukumar gari, hannun dama a tafiya, hannun hagu a dawowa. Bakinta ne ya jawo mata sunan. Ba ta iya lanƙwasa magana ba, yadda ta zo mata haka take ajiye ta, wanda ya taka ya ji a ƙafarsa. Mai Usur kuwa shi ne shugaban masu sharar shiyyar. Ita ta koya masa riƙon tsintsiya lokacin da aka ɗauke shi aiki, kafin a rataya masa usur a wuya ya fara tafiya kamar wanda ya haɗiyi taɓarya.

Masu sharar nan suna da wani abu da suke yi wanda babu mai rubuta musu shi a takarda. Duk ranar da aka yi zanga-zanga aka tarwatsa ta, washegari titi kan wayi gari da takalma, don mai gudun ransa ba ya tsayawa ɗaukar silifas. To ba sa zuba su a juji. Sukan tattara su daban, su kakkaɓe, su jera a kan katangar sito, na maza gefe, na mata gefe, har kwana bakwai. Mutum ya zo da ƙafa ɗaya a leda, ya bi layi da ido, ya ɗauki warinsa ya wuce. Ba a tambayarsa suna, ba a tambayarsa me ya fito da shi. Wanda ya cika kwana bakwai ba a zo ba, an san mai shi yana asibiti ko yana hannu, sai a ƙara masa wasu bakwai. Sau da yawa uwa kan zo ta gane takalmin ɗanta a katangar nan, daga nan take sanin inda za ta fara nema.

Inna Ƙaya tana jera takalman, amma tana jerawa tana tsine wa masu su. Ta tsani zanga-zanga, kuma ba a banza ba. Shekara uku da suka wuce maigidanta ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Aka sa shi a tasi, tasi ta iso Babban Titi ta tarar da dubban mutane da kwalaye suna ihu a kan wani abu da har yau ba ta san ko mene ne ba. Direba ya danna hon har hon ya shaƙe. Ta fito da kanta tana roƙon a ba su hanya, aka ɗauka ita ma ihun take. Ga rufin asibiti can ana hange. A cinyarta ya cika.

Don haka bara, da Mai Usur ya shigo sito da doguwar takarda da kwalin tawada, ya ce hukuma na son jin ta bakin talakawa, duk mai son a hana zanga-zanga a Babban Titi ya dangwala, ita ta fara miƙa yatsa. Har ta tambaya ko akwai wurin yatsa na biyu. Aka yi dariya. Ta koma gida da shuɗin babban yatsa tana nuna wa Auta.

Auta 'yarta ce, ita kaɗai Allah ya bar mata. Tana ɗinki a wani kamfani a bayan gari, inda mata ɗari biyu ke zaune a kan keke daga safe zuwa yamma. Ta dubi yatsan, ta ajiye wuƙar da take yanka albasa.

"Inna, kin san abin da kika dangwala wa?"

"Na san abin da ya kashe ubanki."

"Ciwon zuciya ne ya kashe Baba."

"Ciwon zuciya da 'yan iska masu kwali. Ke kina ina ranar? Kina kan keke. Ni na riƙe kansa."

Auta ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da yanka albasa. Can ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Amma wanda ba shi da lauya, ba shi da kowa a ofis, titi ne kawai bakinsa. Yau kin taimaka an ɗinke shi."

"To ai ɗinki sana'arki ce, sai ki warware. Miƙo min gishiri."

Aka kafa doka. Duk taron da ya kai mutum biyar a Babban Titi ba da izini ba, laifi ne. Izinin kuwa ba a taɓa ganin wanda aka ba shi ba. Titi ya yi tsaf, katangar sito ta zauna fayau babu ko silifas, Inna Ƙaya ta ce ai ga shi nan, kowa ya huta.

Sai gobara ta tashi a kamfanin su Auta. Ƙofar baya a garƙame take da kwaɗo, wai don kada mata su riƙa zamewa shan iska. Mata bakwai suka mutu a bakin ƙofar nan. Auta ta tsira ta taga da ƙuna a damtse. Aka binne matattu, aka yi wa bango fenti, aka sayo sabon kwaɗo aka maƙala a inda tsohon yake. Matan suka ce za su fito titi. Rabin gari ya taso musu, don mai kamfani ya ce in aka tayar masa da hankali zai kwashe kekunansa ya koma wani gari. Masu shaguna suka zage su, masu gidajen haya suka zage su, har mazan wasu daga cikinsu. Inna Ƙaya na cikin masu zagin, kuma nata ya fi na kowa tsini.

Ranar Litinin ta dawo daga shara ke nan ta tarar da Auta a bakin ƙofa, maɗaurin takalminta na hagu ya tsinke.

"Kin gani? Takalmin ma ya fi ki hankali."

Amma ta fizge shi. Ta ciro basilla da shuɗin zaren da take ɗaure tsintsiya da shi, ta yi masa ɗauri uku da ƙulli a waje, irin nata da babu mai yin sa a sito sai ita. Ta wurga mata.

"In sun fasa miki kai kada ki zo min nan da jini. Na wanke ɗaki."

Auta ta yi dariya, ta zura ƙafa. "Ki dai rage min abinci, tsohuwa."

Ta rage. Ta rufe da faranti. Da la'asar maƙwabta suka fara shigowa da labari guntu-guntu: an ji harbi, an ga hayaƙi, an ga motoci masu rufi sun nufi gabas, wani ya ce yamma. Abincin ya kwana a rufe.

Washegari usur ya yi kira tun kafin lokacinsa. Mai Usur ya ce kafin ƙarfe bakwai yana son titi kamar an lashe. Inna Ƙaya ba ta taɓa ganin takalma irin na ranar ba, kuma kusan duk na mata ne. Barkonon tsohuwa bai gama barin iska ba, yana cizon ido. A gaban gidan waya motar ruwa ta riga su, ta wanke wani fili mai faɗin tabarma huɗu, aka bar kwalta tana sheƙi. A bakin kwata, ɗan gaba kaɗan, tsintsiyarta ta turo baƙin takalmi, ƙafar hagu, da shuɗin zare, ɗauri uku da ƙulli a waje.

Ba ta yi kuka ba. Ta cusa shi cikin rigar aiki. A ranta ta ce yarinyar za ta zo katanga da ƙafa ɗaya a leda, ta same ni a tsaye, ta sha zagin da ba ta taɓa sha ba.

Amma da aka turo baro uku sito, sai Mai Usur ya nuna bayan gini.

"Kai, katanga can take," in ji Inna Ƙaya.

"Yau babu katanga, Inna."

"Masu su fa?"

"Ba su da masu su. Shara ce."

"Shara da safa a ciki? Shara da ɗumin ƙafa?"

"An ce ba a yi komai jiya ba. Abin da ba a yi ba kuwa ba ya barin takalmi."

Ya juye, ya zuba, ya ƙyasta. Roba ta kama da wani baƙin hayaƙi mai wari. Inna Ƙaya ta kutsa da tsintsiyarta ta janyo abin da ta iya daga gefen wuta, har bakin tsintsiyar ya babbake. Guda huɗu ta samu: jan silifas, sau-ciki na dattijuwa da dunduniyarsa ta cinye gefe ɗaya, takalmin roba irin na masu goge-goge, da wani ƙarami mai fure da rabinsa ya narke. Mai Usur ya gan ta sarai. Ya juya yana duba agogo.

Daga ranar ta fara yawo. A caji ofis ta sami wani a bayan kanta yana cin gyaɗa.

"A ina aka kama ta, Iya?"

"Wurin zanga-zangar matan kamfani."

"Wace zanga-zanga? An hana zanga-zanga a garin nan tun bara. Abin da aka hana ba a yin sa. Tunda ba a yi ba, ba a kama kowa ba. Ki bincika dai, 'yan matan yanzu, ko ta bi saurayi."

"Da ƙafa ɗaya ta bi shi?"

Ta ɗora takalmin a kan kanta. Ya ture shi da bayan biro, ya ce takalmi ba shaida ba ne, kowa na iya tsintar takalmi, balle mai shara.

Asibiti suka ce ba a kawo musu kowa ranar Litinin ba. A ɗakin gawa aka bar ta ta leƙa, ba ta ga tata ba, ta fito ba ta san ko godiya za ta yi ba. A gidan yari mai gadi ya ce sai da takarda daga caji ofis. A kamfani ta hango ta taga wata baƙuwar fuska a kan keken Auta. Ta bi gidajen matan da ta sani, ƙofa bayan ƙofa. Wasu ba su buɗe ba. Wata ta buɗe kaɗan ta ce, "Inna, an ce duk wanda ya ɗaga murya, nasa ba zai fito ba. Ki yi mana rai ki tafi." Takalman nan huɗu ma ta rasa wanda za ta nuna wa. Da katanga ce, da masu su sun zo da kansu ba tare da an gan su da kowa ba.

Mutum ɗaya ce ta ba ta kujera, wata lauya mai ƙaramin ofis a saman kantin magani. Ta saurare ta har ƙarshe, ta ce, "Na yarda da ke, Mama. Amma alƙali zai ce ina zanga-zangar. In ma'aikacin hukuma ɗaya mai muƙami zai tsaya ya ce ranar Talata an kwashe takalma daga titin nan, to dole a faɗi inda masu su suke. Kina da irin wannan mutumin?"

Tana da shi. Ta same shi a ɗan ofishinsa na sito, yana shan shayi a ƙarƙashin fanka.

"Baro nawa muka turo ranar Talata?"

"Ban ƙirga ba."

"Kai da kake ƙirga tsinken tsintsiya? Ni na koya maka aikin nan. Ranar da ka fara, hannunka ya yi kanta ya fashe, da ɗankwalina na ɗaure maka. Kalma ɗaya nake so, a gaban lauya."

Ya rufe ƙofa, ya rage murya. "Inna, ki ji tsoron Allah. 'Ya'yana shida."

"Ni tawa ɗaya ce."

Bai sake ɗagowa ba. Ya yi ta juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa.

Ɗakin ya yi mata faɗi. Ga tabarmar Auta a naɗe a lungu, ga tef ɗin awo a rataye a ƙusa, ga almakashinta a kan taga inda Inna ta sha hana ta ajiyewa. Hannunta ya ƙi koyon awon mutum ɗaya, kullum sai ta dafa na biyu, ta ci rabi, ta rufe rabi da faranti, da safe ta ba kajin maƙwabta. Rediyo ma Auta ce mai murɗa shi. Inda ta bar shi nan yake, kuma tashar kullum cewa take gari lafiya, kasuwa na ci. Maƙwabtan da suka saba aiko yara aron turmi suka daina. In ta fito tsakar gida hira kan mutu, kamar an zuba wa garwashi ruwa.

Takan zauna ta dubi babban yatsanta. Tawadar ta goge tun bara, amma sai ta sami kanta tana murza shi a gefen tabarma. Ba wai ta yafe wa masu kwalin da suka tare mata hanya ba ne. Ba ta yafe ba, kuma ba za ta yafe ba. Sai dai ranar da maigidanta ya cika, an ba ta shi. An wanke shi, an kai shi, ta san inda yake kwance, tana iya nuna wurin da yatsa. Waɗancan sun tare mata hanya na awa ɗaya. Waɗannan na hukuma sun share hanyar gaba ɗaya, kuma da tsintsiyarta aka yi sharar.

A kwana na goma sha tara dabara ta zo mata, tana tsaye a bakin kwata. Duk mai shara ya san in kana son sanin inda kwata take zubewa, ba tambaya ake yi ba, kara ake jefawa a bi shi. Wanda aka kama da laifin zanga-zanga, ai inda ake kai masu zanga-zanga za a kai shi. To su kama ta. Ko ɗaki ne, ko rami ne, in dai can Auta take, ta isa.

Doka ta ce biyar. Saura huɗu.

Ta fara da Mai Baro, wanda ya turo takalman da hannunsa. Ya ce bayansa na ciwo. Ta je wa wasu mata biyu 'yan layinta, ɗaya ta ce sai ta tambayi mijinta, ɗaya ta ɗauki tsintsiya ta koma wancan hannun titi. Haka ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ta bar Doguwa a ƙarshe, ƙawarta ta shekara ashirin, wadda suke raba burodi ɗaya a gindin fitilar shataletale kowace safiya.

"Ke ce fa kika fara dangwalawa," in ji Doguwa. "Har kina neman wurin yatsa na biyu."

"Na dangwala. Yanzu da ƙafa zan goge. Za ki zo ko ba za ki zo ba?"

"Jikoki uku ne a wuyana, Ƙaya. Uwarsu ta mutu, ke kika wanke ta."

"Ban tambaye ki tarihi ba."

Doguwa ta share ido da gefen mayafi. Ta naɗe burodin duka a takarda, nata rabin da na Inna, ta tura mata. "In an tafi da ke, an ce can ba sa ba mutum komai ranar farko."

Wannan shi ne duk abin da ta samu daga mutum goma: burodi ɗaya.

Ranar Litinin da ƙarfe goma, daidai lokacin da matan kamfani suka fito wancan karon, ita ma ta fito. Ta zuba takalma biyar a buhu. Sai dai ta yi kuskure tun daga gida. Ta sa rigar aikinta mai ruwan lemo, ta ɗauki tsintsiya. Ba da niyya ba. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa taka Babban Titi ba tare da su ba, in babu su ji take kamar ta fito ba zane.

Ta shiga tsakiyar titi daga shataletale, tana tafiya tana ɗaga murya. "Ina 'yata? Ina matan kamfani? Ku fito da su!" Motoci suka riƙa kauce mata yadda suka saba kauce wa mai shara, ba tare da an dube ta ba. Masu shaguna sun saba jin ta tana zagin masu zubar da shara, ko kai ba su ɗaga ba. Wani direba ya rage gudu, ta ɗauka zai tambaye ta, sai ya miƙo ɓawon ayaba ta taga ya ce, "Inna, taimaka da wannan." 'Yan sanda biyu a gaban gidan waya suka matsa mata ta wuce, ɗaya har da sannu da aiki. Ta yi tafiyar nan tun daga farko har ƙarshe, muryarta ta dishe, ba wanda ya san an yi zanga-zanga.

A ƙofar ofishin hukuma ta tsaya tana haki. Ta dubi rigar, sai ta gane. Ta tuɓe ta, ta shimfiɗa a kan kwalta, ta ɗora tsintsiya a kai. Ta zazzage buhu, ta jera takalman a tsakiyar titi yadda ake jera su a katanga, kowanne bakinsa na kallon ƙofar ofis, na Auta a farko. Ta bar hannun hagu na titin a buɗe, faɗin mota ɗaya, don ba ta san wanda yake kwance a bayan wata tasi ba. Sannan ta zauna a ƙarshen layi ta miƙe ƙafa.

Yanzu kam an gan ta. Hon ya tashi. Wani sajan mai furfura a gemu ya taho yana gyara bel.

"Iya, lafiya? Tashi mana."

"Kama ni."

"Da wane laifi?"

"Zanga-zanga nake yi. An hana. Ni ma da yatsana a takardar. Kama ni ka kai ni inda kuke kai su."

Sajan ya waiga dama, ya waiga hagu. "Ke da wa?"

"Mu shida ne."

"Ni mutum ɗaya nake gani. Doka ta ce biyar. Mutum ɗaya ba taro ba ne, ko na kai ki, mai kanta zai koro mu ni da ke."

"Ƙirga." Ta nuna takalman.

"Kai ake ƙirgawa, Iya, ba takalmi ba."

"To kawo kawunan. Ni ƙafafu na tsinta. Kawunan suna wurinku."

Sajan ya waiwaya. Mutane sun fara tsayawa a gefen titi, sai ya juya kansu da kulki. "Ku watse! Kada ku kai biyar a wuri ɗaya, ku ja wa kanku!" Suka rarrabu uku-uku, biyu-biyu, suka ja baya, amma ba su tafi ba. Wata mata da kwandon kasuwa ta ƙura wa jan silifas ɗin nan ido, ta kai hannu baki, sannan ta sunkuyar da kai ta shige lungu da sauri. Babu wanda ya tako kwalta. Inna Ƙaya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta san rabinsu, shekara da shekaru tana share ƙofar shagunansu. Tana zaune ita kaɗai a tsakiyar titin da ya fi kowane faɗi a garin.

Sajan ya ga rigar lemo a ƙasa, ya ciro waya. Ba a jima ba sai ga Mai Usur a kan babur, usur na lilo a ƙirjinsa.

"Ma'aikaciyarka ce? Ɗauke ta. Ta tsufa, kanta ya taɓu."

Mai Usur ya durƙusa kusa da ita, gumi na bin wuyansa. Idonsa ya sauka a kan ƙaramin takalmin nan mai fure da ya narke, ya yi saurin kau da kai.

"Inna, ki rufa min asiri. Tashi mu je sito mu yi magana."

"Mun yi ta sito. Yau ta titi ce."

"Za a kore ki fa."

"A kore ni. Ga rigarku nan, ga tsintsiyarku."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara. Ta ɗauki takalmin Auta ta riƙe shi a gaban fuskarsa, shuɗin zaren na kallonsa. Muryar ta dishe, amma titi ya yi shiru har ana jin ta daga matakalar ofis.

"Ka san ɗaurin nan. Ni na koya maka shi, ka kasa. Ni na dangwala yatsa aka rufe titin nan, na faɗa a gaban kowa, nawa laifin na ɗauka. Saura kai. Sajan ya ce ba a yi komai ba, mai kanta ya ce ba a yi komai ba, rediyo ya ce ba a yi komai ba. Kai ka tura mu da asuba, kai ka zuba kananzir. Ga sajan, ga mutane, ga ofishin da ya rataya maka usur. Ba zan tashi daga nan ba, kuma ba za ka hau babur ɗin nan ba. Baro nawa ne, Mai Usur? Takalman su wa ka ƙone? Ina mai wannan ƙafar? Buɗe baki ka amsa."